Taswira a Matsayin Madogarar Tarihi: Nazarin Bunƙasar Unguwannin Bayan Gari a Malanville

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin harshe da al'ada ya saba neman tarihin gari daga bakin dattawa, ko daga kirari da waƙoƙi da rubuce-rubucen ajami. Akwai kuma wata madogara da ba a cika waiwayarta ba a sassan nazarin harsuna, wato taswira. Wannan takarda za ta yi bayanin yadda ake amfani da taswirori wajen gano yadda gari yake tumbatsa, gonaki da makiyaya da ke kewaye da shi su rikiɗe su zama unguwanni. An ɗauki garin Malanville na Jamhuriyar Benin a matsayin misali, saboda gari ne matashi wanda kusan duk rayuwarsa ta faɗo cikin zamanin da ake zana taswira, kuma gari ne da Hausawa suka daɗe suna fatauci da zama a cikinsa.

Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne: taswira guda ɗaya rana ɗaya kawai take nunawa. Tarihi yana fitowa ne idan aka jera taswirori na shekaru daban-daban, aka gwama su, sannan aka auna abin da suka nuna da sunayen wurare da kuma bayanan mazauna.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Taswira kalma ce da Hausa ta aro daga Larabci, jam'inta taswirori. A nan ana nufin zanen wani yanki na ƙasa kamar yadda mai kallo daga sama zai gan shi. Kundin taswirori, wanda wasu ke kira atalas, littafi ne da ya tattara taswirori masu yawa a kan ƙasa ɗaya ko jigo ɗaya. Ma'auni shi ne lissafin da ke nuna tazarar da santimita ɗaya a takarda take wakilta a doron ƙasa. Mabuɗi kuwa shi ne ɗan akwatin da ke gefen taswira, inda ake fassara alamomi da launuka.

Kalmar da ta fi buƙatar tsokaci ita ce "bayan gari". A tsofaffin biranen ƙasar Hausa ganuwa ce take raba gardama: akwai birni, akwai waje. Zanen Kano da Heinrich Barth ya yi bayan ziyararsa ta 1851 ya nuna ganuwa, ya kuma nuna fili mai yawa na noma a cikinta. Bayan isowar jirgin ƙasa a 1911 da kafa Sabon Gari a wajajen 1913, sai taswirori suka fara nuna cewa sabon gini ya koma wajen badala. Mai nazarin Kano yana da layi tsayayye da zai riƙa aunawa daga gare shi. A Malanville babu irin wannan layi. Abin da yake bayan gari a wata shekara yana iya zama tsakiyar gari bayan shekara ashirin. Don haka dole mai nazari ya zana wa kansa iyakar gari ta kowane zamani, kuma daga taswirori zai samo ta.

3.0 Malanville a Taƙaice

Malanville tana arewa maso gabashin Benin, a jihar Alibori, a gaɓar Kogin Kwara ta kudu. A tsallaken kogin akwai garin Gaya na Jamhuriyar Nijar. Daga gabas kuma ƙaramar hukumar ta yi iyaka da Jihar Kebbi ta Nijeriya. Kogin Sota, wanda ya taso daga kudu, yana zubawa cikin Kwara kusa da garin. Ƙaramar hukumar ta ƙunshi gundumomi biyar: Malanville, Garou, Guéné, Madécali da Toumboutou. Dendawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa suna daga cikin mazaunanta, tare da 'yan kasuwa daga kudancin Benin da Nijeriya. Kasuwarta tana cikin manyan kasuwannin ƙasar, kuma ta yi suna a cinikin hatsi da albasa.

Ƙidayar jama'a ta 2002 ta ba ƙaramar hukumar mutum 101,628, ta 2013 kuma ta ba ta 168,641. An sami ƙarin mutum 67,013 ke nan cikin shekara 11, wato kusan kashi 66 cikin ɗari. Ƙidaya ta faɗi yawan mutanen. Tambayar da ta rage ita ce: a ina suka gina gidajensu, kuma me ke wurin kafin su gina? Wannan ita ce tambayar da taswira ke amsawa.

4.0 Ire-iren Taswirorin da Ake Amfani da Su

4.1 Taswirorin kogi

Turawan farko da suka zana wannan yanki kogin ne ya dame su. A 1896 wani hafsan sojan ruwan Faransa, Emile Hourst, ya bi Kwara da jiragen ruwa daga yankin Tumbuktu har zuwa teku, yana zana hanyar ruwa da tsibirai da ƙauyukan gaɓa. Irin wannan taswira ba ta nuna unguwa ko lungu. Amfaninta shi ne ta nuna matsugunan da suka riga garin na yanzu, da inda ake tsallaka ruwa a wancan lokaci.

4.2 Taswirorin hukumar safiyo

A shekarun 1950 da 1960, hukumar taswira ta Faransa, IGN, ta fitar da taswirorin Afirka ta Yamma a ma'aunin 1:200,000, bisa hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama. A wannan ma'auni santimita ɗaya tana daidai da kilomita 2. Garin da faɗinsa ya kai kilomita ɗaya ba zai wuce milimita 5 a takarda ba. Saboda haka waɗannan taswirori suna da kyau wajen ganin hanyoyi da fadamu da ƙauyukan kewaye, amma sun yi ƙanƙanta ga mai son ganin unguwa. A ma'aunin 1:50,000 santimita ɗaya mita 500 ce, kuma a nan ake fara ganin siffar gari. Hotunan jirgin sama da aka zana taswirorin daga gare su sun fi taswirorin kansu bayani, domin mai zane yakan zubar da abin da yake ganin ba shi da muhimmanci.

4.3 Kundayen taswirori

Kundi yana nuna matsayin gari a cikin ƙasa baki ɗaya: hanyoyin mota, layin dogo, yankunan noma, yawan jama'a. Misali shi ne kundin taswirorin Nijar da kamfanin Jeune Afrique ya buga a 1980. Akwai kuma wanda ƙungiyar CILSS da hukumar USGS ta Amurka suka fitar a 2016, wanda ya gwama yanayin ƙasa da tsirrai da gonaki na Afirka ta Yamma a 1975 da 2000 da 2013. A cikin kundi Malanville ɗigo ce kawai, amma layukan da suka haɗu a kan ɗigon su ne ke bayyana dalilin girmanta.

4.4 Hotunan tauraron ɗan'adam

Daga 1960 zuwa 1972 taurarin leƙen asirin Amurka masu suna Corona sun ɗauki hotunan sassan duniya da dama, aka kuma buɗe su ga jama'a a 1995. Shirin Landsat ya fara a 1972, kuma tun 2008 ana samun hotunansa kyauta ta intanet. A mafi yawan hotunan Landsat na bayan 1982, kowane ɗigo yana wakiltar fili mai mita 30 tsawo da faɗi. Manhajar Google Earth, wadda ta fito a 2005, tana ba mai amfani damar komawa baya ya ga tsofaffin hotunan wuri guda, kuma a hotunanta na baya-bayan nan ana iya ƙirga rufin gidaje.

4.5 Taswirar yankan filaye

Wannan ita ce taswirar da hukuma ke zanawa idan za ta yanka fili zuwa fulotai, ta fitar da tituna da wurin makaranta da kasuwa. A ma'aunin 1:5,000, fuloti mai faɗin mita 20 yana cin milimita 4. Ana neman irin waɗannan a ofishin magajin gari da ofisoshin ƙasa da safiyo. Ita ce ta fi kusa da rayuwar mai gida, ita ce kuma ake ɗaukowa idan rikicin fili ya tashi.

5.0 Matakan Nazari

Mataki na farko shi ne tantance shekara. Kowace taswira tana da shekaru biyu: shekarar da aka ɗauki bayanai da shekarar da aka buga ta. Sau da yawa akwai tazara mai yawa tsakaninsu, kuma ta farko ce ta shafi mai tarihi. Akan rubuta ta da ƙananan baƙaƙe a gindin takarda. Idan ba a rubuta ba, sunaye suna taimakawa. Taswirar da ta ce Dahomey ta riga ƙarshen 1975, lokacin da aka sauya sunan ƙasar zuwa Benin. Wadda ta sanya Malanville a jihar Borgou ta dogara da tsarin da ya gabaci 1999, shekarar da aka fitar da Alibori daga Borgou.

Mataki na biyu shi ne daidaita ma'auni, ta yadda duk taswirorin za su hau kan juna. Ana yin haka da kwamfuta, ana kuma iya yi da takarda mai shara-shara da fensir. Ana buƙatar wuraren da ba su gusa ba, kamar gindin gada, mararrabar babban titi, ko tsohon masallaci. Gaɓar kogi ba ta dace da wannan aiki ba, domin ruwa yana cin wani gefe yana tara yashi a wani.

Mataki na uku shi ne zana iyakar gini ta kowace shekara da launi daban. A nan sai an tsai da ƙa'ida guda. Shirin Africapolis, mai nazarin biranen Afirka, yana ɗaukar gine-gine a matsayin gari ɗaya muddin tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce mita 200 ba. Mai nazari yana iya aron wannan ƙa'ida, ya kuma tsaya a kanta daga farko har ƙarshe.

Mataki na huɗu shi ne tambayar dalili. Duk inda layi ya miƙe sosai tsakanin shekaru biyu, a tambaya: me aka gina a nan? Duk inda ya tsaya cik, a tambaya: me ya tare shi?

Mataki na biyar shi ne taka ƙasa. Hausawa na cewa gani ya kori ji. Ana zuwa unguwar da taswirar a hannu, a zauna da masu unguwa da dattawa, a ji wa ya fara sauka, daga ina ya zo, gonar wa ce a da.

6.0 Abubuwan da Suka Tsara Girman Malanville

Idan aka bi waɗannan matakai, abubuwa huɗu ne za a riƙa cin karo da su.

Na farko kogi. Kwara ta tare garin ta arewa, kuma iyakar ƙasa tana cikin ruwan. Gari da ke tsakiyar tudu yana iya faɗaɗa ta kowace fuska kamar zobe. Malanville ba ta da wannan dama. Sabon gini sai dai ya bi gefen titi, ya nemi tudun yashi, ko ya gangara fadama.

Na biyu hanya da gada. Layin dogo daga Kwatano ya tsaya a Parakou a 1936, bayan kilomita 438, bai ƙarasa kogin ba. Daga nan kaya sai a mota, ta Kandi zuwa Malanville, tafiyar da jimillarta daga bakin teku ta haura kilomita 700. A shekarun 1950 Faransawa suka tsara fitar da gyaɗar Nijar ta wannan hanya. A 1958 aka gina gadar da ta haɗa Malanville da Gaya, a 1959 kuma aka kafa hukumar sufuri ta haɗin gwiwa tsakanin Dahomey da Nijar. Inda manyan motoci ke jiran duwan, wato kwastan a Hausar Nijeriya, nan ake samun gareji da masauki da rumfunan abinci da ɗakunan ajiya, sannan gidaje su biyo baya. Shi ya sa mai nazari zai fara duba gefen titin da ya nufi Bodjécali da Guéné.

Na uku kasuwa. Masanin labarin ƙasa Olivier Walther, a littafinsa na 2008 kan fataucin kan iyaka, ya nazarci Malanville da Gaya da Kamba ta Jihar Kebbi a matsayin kasuwanni uku masu dogaro da juna. Ma'anar wannan ga mai taswira ita ce, dalilin tsirowar wata unguwa a Malanville yana iya kasancewa a tsallaken iyaka. Matsalar ita ce taswirar kowace ƙasa takan bar ɗaya gefen fari fat, kamar babu kowa a can. Dole a haɗa ta Benin da ta Nijar da ta Nijeriya kafin hoton ya cika.

Na huɗu noma. Akwai babban filin noman shinkafa na ban-ruwa a gefen garin, mai faɗin hekta sama da 500. A hoton sama ana gane shi da miƙaƙƙun layukan magudanan ruwa. Fili irin wannan yana jawo ma'aikata zuwa gari, yana kuma hana gini wucewa ta inda yake.

7.0 Sunayen Wurare a Matsayin Shaida

A nan ne ɗalibin harshe ya fi masanin safiyo makami. Bahaushe yana iya jin "Malanville" ya zaci garin wani Malam ne. Sunan ya samo asali ne daga Henri Malan, wanda ya yi gwamnan Dahomey a wajajen 1910, aka haɗa da kalmar Faransanci mai nufin gari. Tsohon sunan wurin shi ne Tassi, wato yashi a harshen Dendi da Zabarmanci. Sunan ya faɗi irin ƙasar da aka fara zama a kai: tudun yashi a bakin kogi.

Tsohon sunan bai ɓace ba. A cikin unguwannin garin akwai Tassi Zénon da Tassi Tédji. A Zabarmanci da Dendi kalmar farko tana nufin tsoho, ta biyu kuma sabo. Wato Tsohuwar Tassi da Sabuwar Tassi, daidai da yadda Hausa ke cewa Tsohon Gari da Sabon Gari. Ko ba a rubuta shekara ba, sunayen biyu sun jera unguwannin bisa tsarin zuwansu. Akwai kuma Wouro Yesso, inda kalmar "wuro" ta Fulfulde take nufin mazauni ko gari, alamar da ke sa mai nazari ya nemi tarihin Fulani a wurin.

A ƙasar Hausa kalmomi irin su Zango, Tunga, Tudun Wada, Sabon Layi da Unguwar Rogo suna yin irin wannan aiki. Sai dai a kula da rubutu. Mai zanen Faransa yana rubuta "ou" inda Hausa ke rubuta "u", da "dj" inda take rubuta "j", da "é" inda take rubuta "e". Mai zanen Ingila yana da tasa ƙa'idar. Wuri guda yana iya fitowa da rubutu iri uku, mai gaggawa ya ƙirga shi ƙauyuka uku.

8.0 Wuraren da Ya Kamata a Yi Hattara

Taswira aikin mutum ce, kuma kowane mai zane da abin da aka aike shi ya zana. Taswirar yankan filaye takan nuna tituna da fulotai da ba a gina ba tukuna, ta kuma yi shiru a kan gidajen da aka gina ba da izinin hukuma ba. Bukkokin masunta da rugagen makiyaya ba su cika shiga taswira ba. A hoton Landsat gidan ƙasa mai rufin ciyawa yana sajewa da yashin da ke kewaye da shi, alhali rufin kwano yana ƙyalli. Wani "girma" da ake gani tsakanin hotuna biyu yana iya zama sauyin rufi ne kawai.

Watan da aka ɗauki hoto ma yana da muhimmanci. Kwara a wannan yanki tana cika sau biyu: da ruwan damina a wajajen Agusta da Satumba, sai kuma lokacin sanyi idan ruwan da ya taso daga tsaunukan Gini ya iso. Hoton watan Mayu zai nuna busasshen fili inda hoton Satumba zai nuna tafki.

Haka kuma taswira ba ta nuna ko hanya tana aiki. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an rufe iyakar. Ƙungiyar ECOWAS ta ɗage takunkuminta a Fabrairun 2024, amma Nijar ba ta buɗe nata ɓangaren gadar a lokacin ba, mutane da kaya suka koma tsallakawa ta jiragen ruwa. A takarda gadar tana nan yadda take, alhali rayuwar unguwannin da ke cin abinci da ita ta sauya.

9.0 Amfanin Wannan Nazari

Tsohuwar taswira tana iya yanke hukunci. A ranar 12 ga Yulin 2005 Kotun Duniya da ke Hague ta raba gardamar iyaka tsakanin Benin da Nijar. Ta ce iyakar tana bin inda ruwa ya fi zurfi a babbar hanyar jiragen ruwa, ta ba Nijar tsibirai 16 har da Lété, ta ba Benin 9. Daga cikin hujjojin da ta dogara da su akwai rahoton awon kogin da kamfanin NEDECO na Holan ya fitar a 1970.

A matakin unguwa ma haka abin yake. Ambaliya ta sha yi wa Malanville da maƙwabciyarta Karimama ɓarna, kamar yadda aka gani a 2010 da 2012. Wanda ya ɗora taswirar unguwannin yau a kan ta shekarun 1950 zai ga waɗanne gidaje ne suka zauna a kan abin da aka taɓa yi wa alamar fadama. Ruwa ba ya manta hanyarsa, ko da fari ya sa mutane sun manta. Kuma tun da Benin ta kafa sabuwar dokar mallakar ƙasa a 2013, wadda ta ƙarfafa rajistar filaye, sanin wanda ya riga wani zama a wuri ya ƙara daraja ga manomi da makiyayi da mai sayen fuloti.

10.0 Kammalawa

Takardar ta bayyana ire-iren taswirori biyar, da matakai biyar na gwama su, da abubuwa huɗu da suka tsara girman Malanville, wato kogi da hanya da kasuwa da noma. An ga cewa taswira tana ba da wuri da shekara, suna yana ba da harshe da asalin mazauna, dattawa kuma suna ba da dalili. Kowanne daga cikin ukun yana gyara kuskuren sauran.

11.0 Aikin Yi

1. A taswira mai ma'aunin 1:50,000, tazarar kasuwa da wata sabuwar unguwa santimita 7 ce. Kilomita nawa ke nan a ƙasa?
2. Kawo sunayen unguwanni biyar na garinku da ke nuna sabunta ko tsufa ko sana'a ko asalin mazauna, ka fayyace ƙirar kowane suna.
3. Sake rubuta Garou, Toumboutou da Bodjécali bisa ƙa'idar rubutun Hausa.
4. Zaɓi unguwa ɗaya ta bayan garinku, ka gwama tsohon hotonta na sama da na yanzu, ka yi hira da dattijo ɗaya a cikinta, sannan ka rubuta shafi biyu kan inda bayanin hoton da na dattijon suka dace da inda suka saɓa.